Dishewar Muryar Yara: Tsiron da Bairos ke Shukawa a Maƙwallato

Gabatarwa

Idan hunturu ya kankama a ƙasar Zamfara, iska ta taso da ƙura daga arewa ta lulluɓe Gusau da Tsafe da Bungudu, ba abin mamaki ba ne a ji muryar yaro ta dishe. Iyaye sukan ce sanyi ne ya kama shi, a dafa masa citta da kanumfari, a sa zuma, bayan kwana biyar ko mako guda murya ta washe, yaro ya koma wasansa. Galibi haka abin yake, kuma iyayen sun yi daidai. Amma akwai wata dishewar da ba ta bin wannan hanya. Hunturu ya wuce tana nan, bazara ta shigo tana nan, har damina ta sauka muryar yaro sai ƙara ƙasa take yi.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara uku a wani ƙauye na ƙasar Tsafe. Da farko kukansa ne ya zama siriri, daga baya maganarsa ta koma kamar raɗa. Kakarsa ta ce beli ne, aka kira wanzami ya cire. Ba a ga sauƙi ba. Da ya fara wani irin ƙara idan yana jan numfashi, musamman cikin dare, sai mai kemis ya ce asma ce, ya ba da magani. Wata shida ko shekara guda ana wannan faɗi-tashi, ranar da aka ɗauke shi zuwa Gusau kuwa numfashin ne gaba ɗaya yake neman gagararsa. Irin wannan yaro, sau da yawa abin da likita zai tarar idan ya leƙa maƙogwaronsa shi ne wani ɗan tsiro mai kama da tusar jaki ya cunkushe ƙofar iska. Likitoci suna kiran tsiron fafiloma, kuma abin da ke haddasa shi ƙwayar bairos ce.

Inda murya take fitowa

Ɗalibin da ya yi darasin tsarin sauti a ajin Hausa ya riga ya san wurin da ake magana a kai. Idan mutum ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa ya furta sautin "z", zai ji wata 'yar karkarwa. Idan ya furta "s" ba zai ji ta ba. Wannan karkarwa ita ce ziza, kuma daga tantanin maƙwallato take fitowa. Tantanin guda biyu ne, suna kwance a cikin maƙwallato a bakin bututun da ke kai iska huhu. Idan za a yi numfashi sai su buɗe, idan za a yi magana sai su matso su haɗu, iskar da ke fitowa daga huhu ta riƙa kaɗa su. A wurin babban namiji sukan kaɗa kamar sau 120 a cikin daƙiƙa guda, a wurin mace kamar sau 200, a wurin ƙaramin yaro kuwa har sau 300.

Ke nan maƙwallato aiki biyu yake yi a lokaci guda: shi ne gidan murya, kuma shi ne ƙofar numfashi. Duk abin da ya tsiro a gefen tantanin, ko da bai wuce ƙwayar gero ba, zai hana su haɗuwa sosai, murya ta dishe. Idan ya ci gaba da girma kuwa, sai ya fara cin hanyar iska.

A nan ne ilimin fiziks yake shigowa. Wani masani Bafaranshe mai suna Poiseuille ya nuna cewa idan aka rage faɗin bututu da rabi, wahalar tura iska ko ruwa ta cikinsa tana ninkuwa har sau 16. Hanyar iskar jariri a wurin da ta fi matsewa ba ta wuce milimita 4 ba, wato kusan faɗin bututun tawadar biro. Saboda haka tsiron da babban mutum zai yi shekaru yana yawo da shi, ba abin da ya dame shi sai kaushin murya, shi ne zai iya shaƙe yaro ƙarami cikin 'yan watanni. Tsiron ba sankara ba ne, ba ya cin nama, ba ya bin jini ya bazu a jiki. Haɗarinsa yana ga wurin da ya zaɓa ya zauna.

Yadda aka gano mai laifin

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 babu wanda ya iya ganin maƙwallaton mutum mai rai yana aiki. A shekarar 1854 ne wani malamin waƙa ɗan ƙasar Sifen, Manuel Garcia, ya yi amfani da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana ya kalli tantanin maƙwallatonsa da kansa. Likitoci suka karɓi dabarar, kuma ba a daɗe ba wani likitan maƙogwaro na Landan, Morell Mackenzie, ya bayyana wannan tsiro na yara, ya bambanta shi da sauran ƙari na maƙogwaro. Amma dalilin fitowarsa ya kasance a duhu.

Haske ya fara fitowa ne ta wajen tusar jaki ta fata. A 1907 wani likita Ba'italiye, Giuseppe Ciuffo, ya niƙa tusar jaki, ya tace ruwanta da matacin da bakteriya ba ta iya wucewa, sannan ya sa wa kansa wannan ruwa a hannu. Bayan wasu watanni tusar jaki ta fito a wurin. Wannan ya nuna cewa akwai wani abu da ya fi bakteriya ƙanƙanta wanda yake ɗauke da cutar. A 1923 wani likita mai suna Ullmann ya yi irin wannan gwaji da tsiron da aka cire daga maƙwallaton wani yaro, shi ma ya ga tsiro ya fito a fatar da aka sa wa. A 1933 kuma Richard Shope na Amurka ya gano bairos ɗin da ke sa zomayen daji na can su fito da wani abu kamar ƙaho a ka.

Aka jira har fasahar nazarin sinadarin gado, wato DNA, ta bunƙasa kafin a kama mai laifin da sunansa. A ƙasar Jamus, Harald zur Hausen da abokin aikinsa Lutz Gissmann suka ware nau'i na 6 na wannan bairos a 1980, sannan a 1982 suka ware nau'i na 11 daga tsiron maƙwallato. Ɗakin binciken nasu ne kuma ya gano nau'i na 16 da na 18 a cikin sankarar bakin mahaifa a 1983 da 1984, aikin da ya sa aka ba zur Hausen lambar yabo ta Nobel a 2008.

Halin bairos ɗin

Sunan wannan dangi na bairos a taƙaice HPV, kuma an san fiye da nau'i 200 a cikinsa. Kowane nau'i da wurin da ya fi so. Wasu suna fito da tusar jaki a hannu ko a tafin ƙafa. Wasu, kamar na 16 da na 18, su ne masu jawo sankara. Na 6 da na 11 kuwa su ne ke da alhakin fiye da kashi 90 cikin 100 na tsiron maƙwallato, kuma su ne dai ke fito da tsiro a al'aura. An lura cewa na 11 ya fi na 6 zafi, ya fi saurin dawowa, ya kuma fi gangarawa ƙasa.

Girman ƙwayar bai wuce nanomita 55 ba, wato sai an jera kusan 18,000 kafin su cika milimita guda. Ba ta da komai sai ɗan zoben DNA a cikin ƙwanso na furotin. Ba ta ci, ba ta numfashi, ba ta iya hayayyafa da kanta. Dole sai ta shiga cikin ƙwayar halitta mai rai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ita ma take. Takan bi ta wata 'yar ƙujewa da ido ba ya gani, ta isa ƙasan fatar da ta lulluɓe maƙwallato, inda sababbin ƙwayoyin halitta suke rarrabuwa. Da ta shiga sai ta fara ƙera wasu furotin biyu da ake kira E6 da E7, waɗanda aikinsu shi ne sassauta birkin da ke hana ƙwayar halitta rarrabuwa ba bisa ƙa'ida ba. Ƙwayoyin sai su yi ta yawa, fatar ta tattaro ta yi 'yan yatsu-yatsu, kowane da siririyar jijiyar jini a tsakiyarsa. Wannan tarin shi ne fafiloma. Nau'i na 16 da na 18 suna lalata birkin ne kwata-kwata, shi ya sa suke kai wa ga sankara. Na 6 da na 11 sassauta shi kawai suke yi. Duk da haka akan sami 'yan ƙalilan da tsiron nasu yake rikiɗewa ya zama sankara bayan shekaru, musamman idan ya gangara huhu ko mutum yana shan taba.

Akwai wani hali na bairos ɗin da ya kamata a riƙe. Yakan laɓe a cikin fatar da ke kewaye da tsiron, wadda a ido lafiyarta lau. Likita zai iya share tsiro tas, amma irin yana nan, kamar manomin da ya nome ƙudujin da ya fito alhali irinsa yana cikin ƙasa yana jiran damina.

Yadda yaro yake kamuwa

Mafi yawan yaran da ke da wannan cuta sun same ta ne a lokacin haihuwa, yayin da suke fitowa ta hanyar da bairos ɗin yake. Alamun ba sa bayyana nan take. Galibi sai yaro yana tsakanin shekara biyu zuwa huɗu ake gane ta. Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak, aka buga a 2003, ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 1,000 ta matan da ke da tsiron al'aura lokacin goyon ciki, yara bakwai ne suka kamu. Wannan ya ninka na sauran yara fiye da sau 200, amma kuma yana nufin 993 sun tsira. Saboda haka ne likitoci ba sa ba da shawarar a yi wa mace fiɗa don kawai tana da tsiron. An kuma lura cewa cutar ta fi samun ɗan fari da yarinya mai ƙananan shekaru ta haifa, wataƙila saboda naƙudar fari takan yi tsawo. Wannan batu yana da muhimmanci a wurare irin Zamfara, inda mata da yawa suke yin haihuwar fari kafin su cika shekara ashirin.

Wajibi ne a faɗi wata magana a nan, domin kada ilimi ya zama makamin zargi. HPV ya yaɗu ƙwarai a duniya, har masana suna cewa yawancin manya sukan kamu da wani nau'insa a wani lokaci na rayuwa, jikinsu ya kawar da shi ba tare da sun sani ba. Mace takan same shi daga mijinta, miji ya same shi daga matarsa, babu wanda ya ga alama. Samun yaro da wannan tsiro ba shaida ba ce a kan tarbiyyar uwarsa. Haka nan yaron ba ya shafa wa 'yan'uwansa ta hanyar tari ko shan ruwa a kofi guda ko wasa tare, don haka babu dalilin ware shi a gida ko a aji.

Manya ma suna kamuwa, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40, amma nasu yakan zo da sauƙi fiye da na yara.

Abubuwan da ake rikita ta da su

Beli yana rataye ne a can saman maƙoshi, inda kowa zai iya ganinsa idan an buɗe baki. Maƙwallato yana ƙasa da shi nesa, inda askar wanzami ba ta isa. Cire beli ba ya taɓa tsiron, sai ma ya ƙara wa yaro zubar jini da haɗarin kamuwa da wata cutar.

Asma kuwa ciwon ƙananan hanyoyin iska ne na cikin huhu. Mai asma yakan yi fito ne idan yana fitar da numfashi, kuma muryarsa lafiya lau take. Mai tsiron maƙwallato ƙararsa ta fi fitowa idan yana jan numfashi, daga wuya ake jin ta, kuma dishewar murya ta riga ta zuwa da daɗewa. Maganin asma ba ya yi masa komai. Mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano da wasu jihohin arewa a 2023, shi bakteriya ke kawo shi, yana zuwa da zazzaɓi da ciwon wuya cikin 'yan kwanaki. Tsiron fafiloma a hankali yake tafiya, ba zazzaɓi, ba zafi.

Akwai kuma wani ƙari na tantanin maƙwallato wanda babu ruwan bairos a cikinsa. Malaman makaranta da ladanai da mawaƙa da 'yan kamasho da masu talla, duk wanda ke ɗaga murya kullum, yakan sami ɗan kanta a gefen tantanin, kamar yadda hannun manomi yake kanta saboda ƙotar fartanya. Wannan hutun murya da koyon sarrafa ta sukan warkar da shi. Dattijon da ya daɗe yana shan taba kuwa, idan muryarsa ta dishe ta ƙi washewa, sankara ake fara tsoro. Kunne ba ya iya rarrabe waɗannan duka. Sai an leƙa an gani.

Abin da asibiti ke yi

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro yakan zura wani siririn bututu mai fitila ta hanci ya kalli maƙwallato, aikin da ba ya wuce 'yan mintoci. Idan ya ga tsiro, sai a sa yaro barci a ɗakin tiyata, a bi ta baki da madubi mai ƙara girma a cire shi, ko da 'yar hantsaki, ko da wata na'ura mai aske tsiron tana zuƙewa, ko da hasken lesa, wanda aka fara amfani da shi a wannan aiki a farkon shekarun 1970. Ba a yanka wuya. Akan aika abin da aka cire ɗakin gwaji domin a tabbatar. Burin likita shi ne ya buɗe hanyar iska ba tare da ya ji wa tantanin rauni ba, domin tabon da ya zauna a wurin yana iya lalata murya har abada.

Da yake irin yana nan a laɓe, tsiron yakan dawo. Wani yaron sau ɗaya ko biyu za a yi masa ya rabu da shi. Wani sai an riƙa yi masa sau uku ko huɗu a shekara, har shekaru. Da yawa sukan sami sauƙi idan sun tasa. Ga masu tsanani akwai magungunan da ake haɗawa da tiyata, irin su bevacizumab mai hana tsiron samun sababbin jijiyoyin jini. A watan Agusta na 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Papzimeos, magani na farko da aka yi musamman don wannan cuta, wanda ke koya wa garkuwar jiki ta farauci ƙwayoyin da nau'i na 6 da na 11 suka shiga. Amincewar ta manya ce.

Rahotannin da likitoci suka buga daga asibitocin koyarwa na Ibadan da Enugu da Jos sun yi tarayya a kan abu guda: yara da yawa ba sa isowa sai hanyar iska ta kusa toshewa, har sai an huda maƙogwaro ta gaban wuya an sa bututu domin a ceci rai. Wannan huda tana ceto, amma tana da nata sharrin, domin tana iya buɗe wa tsiron hanyar gangarawa zuwa huhu, inda magani ya fi wuya.

Ga iyalin da ke Tsafe ko Bungudu, matakin farko shi ne babban asibitin garin, daga nan a nemi takardar turawa zuwa Gusau, inda Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke. Idan aikin ya buƙaci gaba, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Tafiyar tana cin kuɗi, kuma matsalar tsaro ta sa ba a son bin hanyoyin nan da dare. To, numfashin yaro bai san dare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: zuwa da rana tsaka yayin da yaro ke da dishewa kawai ya fi neman mota da tsakar dare yana shure-shure.

Rigakafin da ke kare tsara biyu

A 1991 Ian Frazer da Jian Zhou na Jami'ar Queensland a Ostareliya suka gano yadda za a ƙera ƙwanson bairos ɗin ba tare da DNA a ciki ba. Fanko ne, ba ya iya sa cuta, amma garkuwar jiki tana ganinsa ta shirya. A kan wannan aka gina allurar Gardasil, wadda aka amince da ita a 2006, tana kare mutum daga nau'i na 6 da 11 da 16 da 18. Ostareliya ta fara yi wa 'yanmata a makarantu a 2007. Manufar ita ce yaƙi da sankarar bakin mahaifa, amma sai wata riba ta biyo baya. Da 'yanmatan suka girma suka fara haihuwa, sai sababbin masu kamuwa da tsiron maƙwallato suka ragu daga 0.16 a cikin yara 100,000 a 2012 zuwa 0.02 a 2016. Uwar da ba ta ɗauke da bairos ba ta da abin da za ta ba jaririnta.

Nijeriya ta shigar da wannan allura mai nau'i huɗu cikin tsarin rigakafinta a ranar 24 ga Oktoba, 2023, kyauta, sau ɗaya tak, ga 'yanmata masu shekara 9 zuwa 14. Zamfara tana cikin jihohin zagaye na biyu da aka fara a watan Mayu na 2024. An zaɓi waɗannan shekaru ne domin allurar tana hana kamuwa ne, ba ta korar bairos ɗin da ya riga ya shiga, saboda haka kafin aure ake son a yi ta. Jihar ta taɓa ɗanɗana abin da jita-jita ke jawowa, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 a wasu jihohin arewa, cutar ta sake yaɗuwa. Ita ma wannan allura an bi ta da raɗe-raɗin hana haihuwa, alhali an yi wa miliyoyin mata a ƙasashe fiye da ɗari tun daga 2006, kuma binciken da aka yi ta yi bai nuna tana taɓa haihuwa ba.

Kammalawa

Malamin firamare ko na Islamiyya yana jin muryar yaro kullum a wajen karatu, wani lokaci fiye da yadda iyayensa ke ji. Ɗalibar sakandare kuma ita ke goyon ƙannenta idan ta koma gida. Su ne suka fi kowa damar lura. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk muryar da ta dishe ta wuce mako huɗu ba ta washe ba, ta yaro ce ko ta babba, a kai wa likita ya leƙa maƙwallato. Idan kuwa akwai ƙara wajen jan numfashi, ko ramin wuya da tsakanin haƙarƙari suna lotsawa, ba a jiran ko kwana guda. Yarinyar da ta cika shekara tara kuma a kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a tambayi allurar HPV, domin kariyar da za ta samu a yau za ta kai har ga ɗan farin da za ta haifa.